Motar gudu marar rufi a ƙasa mai zafi: a sa hita ko a bari?

Wanda ke zaune a ƙasar da rana ke dukan ka kusan duk shekara, idan ya tashi sayen ƙaramar motar gudu mai buɗaɗɗen sama, yakan ɗauki zancen hita abin dariya. Mota ba rufi, gari ba sanyi, ɗumin na mene ne? Idan sabuwa ce fil daga kamfani, irin su Mazda MX-5 ko BMW Z4 ko Porsche Boxster, ba mai tambayarka ma, da hitarta take zuwa. Wuri biyu ne maganar ke tasowa. Na farko shi ne motocin da ake haɗa wa mutum yadda ya zaɓa, ko a sayar masa da kayan ya haɗa da kansa, kamar Caterham Seven da kwaikwayon tsohuwar motar gudu Cobra ta 1962, inda hita kan faɗo cikin jerin abubuwan da sai ka ƙara kuɗi. Na biyu kuwa motar hannu ce da wani makanike ya riga ya cire wa tiyon hita, mai sayarwa kuma yana ce maka ai ba ka buƙatarta.

Ra'ayina shi ne a sa. Amma jikinka ba shi ne babban dalili ba. Gilashin gaba ne.

Ɗauka kana tafe da yamma, hadari ya haɗo, ka tsaya ka ja tamfol ɗin rufin motar ka rufe, ku biyu a ciki, riguna sun ɗan jiƙe. Cikin irin wannan mota ƙarami ne ƙwarai, kujeru biyu kawai, kuma tamfol komai kyansa yakan bar ruwa ya ɗan tsattsafo ta gefen tagogi. Ruwan sama ya sanyaya gilashin daga waje, numfashinku da danshin tufafinku sun cika ciki. Kafin ka yi nisa gilashi ya yi gumi fari fat. Waifa tana ta kai da kawowa a waje, ba abin da ta tsinana, domin gumin a ciki yake. Ka sa tafin hannu ka share, sai ya bar shatin yatsu, fitilar motar da ke tahowa ta bugi shatin nan ta watse maka a ido. Ƙasashe masu zafi da laima sun fi fama da wannan, saboda iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, kuma da ta taɓa gilashi mai sanyi sai ta sauke shi. A Amurka tun 1968 doka ta wajabta wa motocin fasinja na'urar share gumin gilashin gaba. A Birtaniya ma, motar haɗi mai cikakken gilashin gaba ba ta wuce gwajin rajista sai tana da abin da zai busar da shi.

Hitar mota ba wani abin al'ajabi ba ce. Ƙaramin lagireto ne a ɓoye bayan dashbod. Ruwan da ke sanyaya inji, wanda ke kai wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, shi ake ratsawa da shi ta ciki, fanka ta hura iska ta kansa, iskar ta fito da zafi zuwa ƙafafu ko gilashi. Zafin da inji zai zubar a banza ne ake tara, don haka ba ta ƙara shan mai in ban da 'yar wutar da fanka ke ja. Nauyinta 'yan kiloli ne. Mai cewa ya cire ta don mota ta yi sauƙi, in ba tsere yake shiga ba, ba zai taɓa jin bambancin a totur ba.

To idan motar tana da iyakwandishan fa? Shi ma yana share gumi, har ya fi hita saurin farawa, domin aikinsa ya tsotse danshin iska. Sai dai shi kaɗai yana da illa: idan ka daɗe kana hura wa gilashi iska mai sanyi a ranar da gari ke da laima, sai gumin ya koma waje, ka ga ƙasan gilashin yana raɓa. Motocin kamfani suna haɗa su biyun ne, iyakwandishan ya busar da iskar, hita ta ɗumama ta, sannan a tura wa gilashi. Wannan shi ne mafi kyau idan aljihu da fili sun yarda. A ƙananan motocin haɗi kuwa sau da yawa fili ba ya yarda, ga kwamfireso da bel da wani lagireton a gaba, duk a ƙarƙashin bonet ɗin da inji ya riga ya cinye.

Akwai hanya ta uku da ba kowa ya san da ita ba: gilashi mai siraran wayoyin lantarki a jikinsa. Kamfanin Ford ya daɗe yana sa shi a motocinsa na Turai, Caterham ma da shi take share nata gilashin. Ka danna maɓalli, gilashin da kansa ya ɗumama, gumi ya tafi, ba tiyo ba ruwa ba yoyo. Ga mai son mota ta zauna wayam ba tarkace bayan dashbod, wannan ya fi dacewa. Abin lura shi ne motocin nan gajeru ne, tsakuwar da tayar babbar mota ta harbo kai tsaye gilashi take nufa, kuma sauya gilashi mai waya ya fi na yau da kullum tsada da wahalar samu.

Abin da ba zan ba kowa shawarar saya ba shi ne 'yar hitar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari. Lissafin a fili yake. Batirin mota bolt 12 ne, ramin kuma fis ɗinsa yawanci amfiya 10 zuwa 15 ne, ka ga ke nan iyakarta wat 120 zuwa 180. Na'urar busar da gashi ta ninka ta wajen sau goma. Hitar ruwan inji kuwa kilowat da yawa take bayarwa. 'Yar ta ramin sigari za ta buɗe maka wani ɗan da'ira a gilashi, in ka yi haƙuri, shi ke nan.

Sai maganar jiki, wadda ita ma ba a rasa ta ba. Ƙasa mai zafi ba ta nufin kowace sa'a zafi. Yankunan hamada da masu busasshiyar iska suna sakin zafinsu da dare, asuba ta zo da sanyin da ba ka zata ba. Hanyar da ke hawa dutse ma haka, kowane mita 1,000 da ka hau zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Kuma lokutan nan su ne mai buɗaɗɗiyar mota ya fi fita, don da tsakar rana ba mai son zama a buɗe rana na gasa masa ƙeya. Digiri 20 a tsaye daɗi ne. Digiri 20 kana gudun kilomita 100 a awa, iska na kwashe ɗumin jikinka ba tsayawa, bayan rabin awa yatsu sun fara ƙagewa a sitiyari.

Amma a nan hita ba ta cika alƙawari. Da zarar rufi ya sauka, iskar da ta hura sama ta tafi. Ƙafafu da gwiwoyi kaɗai take amfana, inda dashbod ya kare. Iskar da ke damun direba ma ba daga gaba take zuwa ba, takan tsallake gilashi ta murɗo ta baya ta bugi wuya. Maganin wannan shi ne ragar tare iska da ake kafawa bayan kujeru, irin wadda Mercedes ta fito da ita a motarta SL ta 1989, yanzu kuma kusan kowace mota irin wannan ana samun tata. A 2004 kamfanin ya ƙara da wata dabara mai suna Airscarf a motarsa SLK, iska mai ɗumi na fitowa daga matashin kujera daidai wuya. Mafi araha kuma mafi aiki ita ce kujera mai ɗumi: wayoyi ne a ƙarƙashin fatar, wutar da suke ja kaɗan ce, zafin kuma kai tsaye yake shiga baya da cinya, iska ba ta da hanyar sace shi. Idan don jikinka kake tunanin hita, kujera da raga za ka fara saya.

Masu Cobra da makamantanta masu ƙaton inji matsalarsu ma a juye take. Inji da bututun salansa suna dab da ƙafafun direba, wurin ya riga ya zama tanda. Wanda zai sa hita a irin wannan mota lallai ya sa bawul da zai datse ruwan zafin tun daga wajen inji, ya kuma lulluɓe bangon da ke tsakani da abin tare zafi. In ba haka ba ƙaramin lagireton zai yi ta turiri bayan dashbod ko fanka na kashe. Kuma tun ran gini, ran zane: sa hita da hanyoyin iskar gilashi lokacin da ake haɗa mota aikin yini ne, sa ta bayan an gama kuwa sai an sake kwance dashbod da wayoyinsa.

Wannan wahalar kwancewa ita ce ta sa ake yawan samun motocin hannu da aka kewaye wa hita. Lagireton ciki ya fara yoyo, makanike ya duba aikin, ya ce a haɗe tiyo biyun kawai. In ka je duba mota, buɗe bonet ka nemi tiyo biyu da ke shiga bangon bayan inji. Idan ka ga an lanƙwasa su an haɗe da juna, ko an toshe, ka san labarin, kuma kuɗin gyaran ya fita daga farashi. Idan suna nan lafiya, bar inji ya yi zafi, ka murɗa hita har ƙarshe. Wari mai ɗan zaƙi, ko wani maiƙo-maiƙo da ke hawa gilashi, ko darduma a jiƙe a gefen fasinja, duk alamar yoyo ne. In iska ta ƙi ɗumi sam, ko lagireton ya toshe da tsatsa saboda an daɗe ana zuba ruwa zalla ba maganin lagireto, ko an cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Hita mai lafiya tana da wani amfani a ƙasa mai zafi da ake mantawa: ranar da allurar zafin inji ta fara hawa a cunkoso, kunna ta da fanka har ƙarshe yakan rage wa inji zafi har ka sami wurin tsayawa, kuma a mota marar rufi azabar da sauƙi.

Tsofaffin motocin da iska ke sanyaya injinsu, kamar Volkswagen Beetle mai tamfol da Porsche 911 ta kafin ƙarshen shekarun 1990, nasu ɗumin daga jikin bututun salansa ake ɗebowa. Idan tsatsa ta huda wurin, hayaƙi mai guba marar wari zai iya biyo iskar ya shigo, don haka a nan dubawar ba ta jin daɗi ba ce, ta rai ce. Mota mai lantarki kamar MG Cyberster kuwa ba ta da ruwan inji mai tafasa, daga batir take ɗumamawa, kuma hura iska mai zafi a buɗaɗɗiyar mota yana cin nisan tafiya. Kujera mai ɗumi ta fi mata sauƙi nesa.

Wanda zai iya haƙura da hita gaba ɗaya shi ne mai irin Ariel Atom, ko Seven ɗin da aka cire wa gilashi don filin tsere: ba gilashin da zai yi gumi, ba tamfol ɗin da za a ja, hular kwano ce a ka. Sauranmu, in an sa ta, a riƙa kunna ta 'yan mintoci lokaci-lokaci ko da gari na zafi, don ruwa ya zagaya cikin ƙaramin lagireton kuma bawul ɗin kada ya cije.