Exim, Postfix, Exchange ko Domino: wace sabar imel ta fi jure tumbatsar bafa?

Dillalin manhaja zai lissafa maka yawan akwatunan imel da sabarsa ke ɗauka, ya nuna maka kalanda mai kyau. Da wuya ya taɓo abin da ke faruwa idan baƙo ya turo rubutun da ya fi ƙarfin wurin da aka tanadar masa. Manhaja kan keɓe ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ake kira bafa, ta riƙa zuba abin da ya shigo. In wanda ya rubuta ta bai sa awo ba, sai abin ya tumbatsa ya malala gurbin da ke kusa, kamar a ci gaba da zuba gero bayan mudu ya cika. Mai kutse yakan tsara rarar ta zama umarni. Ita kuwa sabar imel, aikinta ke nan ta saurari wanda ba ta sani ba, dare da rana.

Mu fara da Exim, don da yawa suna amfani da ita ba su ma sani ba: duk wanda imel ɗin kamfaninsa ke kan cPanel, wato manhajar da kamfanonin masaukin shafukan intanet ke ba abokan cinikinsu don sarrafa shafi da imel, Exim ce ke kai masa saƙo. Philip Hazel ya rubuta ta a Jami'ar Cambridge a 1995, da yaren C. Kyauta ce, kuma tana lanƙwasuwa yadda kake so. Sai dai tarihinta a wannan fanni ba abin alfahari ba ne. A Disambar 2010 an kama masu kutse suna shiga sabobi ta wata tumbatsa. A Fabrairun 2018 aka toshe wata da Meh Chang ta kamfanin DEVCORE ta gano a wajen warware rubutun base64 (wata hanyar mayar da bayanai haruffa), inda lissafin girman gurbin ya gaza da bayit ɗaya tak. Harafi guda ke nan fa, amma ya ishi ƙwararre ya gudanar da umarninsa daga nesa ba tare da kalmar sirri ba. A Mayun 2021 kamfanin Qualys ya fito da ramuka 21 a lokaci guda, aka toshe su a siga ta 4.94.2. A 2023 aka sake samun wani, aka gyara a 4.96.1.

Ni ba yawan ramukan ne ya fi damuna ba, ginin ne. Exim babbar manhaja ce guda ɗaya mai riƙe da makullin cikakken iko, don haka ɓarawon da ya samu taga bai da nisa da ɗakin maigida.

Postfix ma da C aka rubuta ta, amma Wietse Venema, wanda ya fitar da ita daga cibiyar binciken IBM a Disambar 1998, ya gina ta ne da zaton wata rana za a yi kuskure. Ya rarraba aikin ga ƙananan manhajoji: mai karɓar saƙo daban, mai jera shi daban, mai kaiwa daban, kuma wadda ke magana da baƙi ba ta da wani iko na a zo a gani. Gurabenta kuma suna buɗewa daidai da abin da ya shigo. Ba a ce ba ta taɓa tuntuɓe ba, a 2011 an sami matsalar ƙwaƙwalwa a inda take haɗuwa da Cyrus SASL, manhajar tantance mai shiga. Amma in za ka riƙe sabarka da kanka, ita zan zaɓa. Ka dai sani kai saƙo kawai take yi. Sai ka haɗa ta da irin su Dovecot kafin ma'aikata su karanta imel, ita ma Dovecot ɗin ta sha faci, wato gyaran toshe rami, kan irin wannan ciwo a 2019.

Exchange ta Microsoft ta ga nata a da. A Oktoban 2003 aka toshe wani rami a umarnin XEXCH50 da ya buɗe Exchange 2000 ga duk mai iya isa gare ta, yake kuma iya durƙusar da Exchange 5.5. Yanzu an rubuta kaso mai yawa nata da C#, yaren da ke awo da kansa, sai ɓarayin suka sauya ƙofa. Harin ProxyLogon na Maris 2021, wanda ya ci dubban sabobi, ba tumbatsa ba ce ko kaɗan. Kuma in wani ya kawo maka lasisin Exchange 2016 ko 2019 da araha, ka tuna araha ba ta ado: Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba 2025.

Domino, wadda HCL ta saya daga IBM a 2019, ba na ba sabon mai saye shawararta sai in akwai tsofaffin manhajojin ofis da ke kanta. Cikin kayan kutsen da ƙungiyar Shadow Brokers ta fallasa a Afrilun 2017 har da na tumbatsa sashenta na IMAP, ƙofar da ake karanta imel ta cikinta.

Saura haya, wato Microsoft 365 ko Google Workspace. Za ka biya kuɗi a kan kowane ma'aikaci duk wata, saƙonninka kuma suna hannun wasu. A madadin haka, faci ya zama ciwon kansu. ProxyLogon bai taɓa Exchange Online, wato imel ɗin Microsoft 365, ba. Ofishin da ba shi da mutum guda da zai iya tashi tsakar dare ya sa faci ranar da aka fitar da shi, haya ta fi masa, ko da kuɗin na cizo.

Wanda kuma ya riga ya sayi masauki mai cPanel, kafin ya sabunta biyan shekara ya sa kamfanin ya buga exim -bV ya turo masa abin da ya fito. In lambar sigar ta gaza 4.96.1, ya fara kwashe akwatunansa.