Helios 44-2 da SMC Takumar a ranar Yamai

Tsofaffin gilasan kamara biyu nake ɗaura wa kamarata Sony da adafta tun damina: Helios 44-2 mai 58mm, ƙirar Tarayyar Sobiyet, da SMC Takumar 55mm na kamfanin Asahi na Japan. Dukansu bakin M42 gare su, murzawa ake yi. A inuwa da wuya ka raba su. Sai rana ta leƙo cikin hoto kowa ke nuna halinsa, kuma shafen da ke jikin gilashin ne ke raba gardamar.

Gilashin da ba a shafa masa komai ba yakan mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya doke shi, a kowace fuska. Helios kuwa gilasai da dama ne jere a cikinsa, fuska 8 gare shi da ke taɓa iska. Hasken nan ba ɓacewa yake yi ba, yawo yake a ciki har ya sauka kan hoto ya zama hazo. Alexander Smakula na kamfanin Carl Zeiss ne ya yi wa dabarar shafen da ke rage mayar da hasken nan rajista a 1935. Helios ɗina shafe ɗaya ya samu, shi ko Takumar yana cikin masu shafe hawa bakwai da Asahi ya fito da su a 1971.

Na gwada su a gadar Kennedy ta Yamai bayan la'asar, masunta na cikin kwalekwale, rana tana bayansu. Hoton Helios ya fito sai ka ce an barbaɗa masa garin gero: baƙin kwalekwalen ya koma toka-toka, jar hular wani masunci ta koɗe. Ina sauya Takumar, baƙi ya zauna baƙi, har igiyar taru ana gani. Na kare Helios da tafin hannu ta sama, abin ya ragu, bai tafi ba.

Amma fa ban yar da shi ba. A zauna da amarya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, a buɗe shi f/2, wato iyakar buɗewarsa, ganyen baya ya riƙa juyawa a hoto, fuska ta yi laushi. Nan Takumar bai kamo ƙafarsa ba. Tsabtarsa ma har ta yi yawa.

Abin da ya fi ba ni haushi wurin mai sayarwa ne. Ya ɗauko wani Helios ɗin, ya goge shi da gefen riga a gabana, wai don in ga kyansa. Na ce masa, "Alhaji, ƙurar hunturu yashi ce fa." Da na haska tocilan ta baya, duk shafen gaban ya kakkarce. Ƙananan zane irin waɗannan hazo suke ƙarawa. A hure ƙura da famfon roba tukuna, sannan a sa ƙyalle mai laushi.

Mai ɗaukar biki da suna a tsakar rana, Takumar zai nema ko da ya fi tsada. Helios na mai lokaci ne, wanda zai iya jan mutum zuwa inuwa kafin ya danna.