Gargaɗi kan zaren fatsar da ake cewa wai ƙanƙara ba ta kama shi

Jama'a, musamman masu kamun kifi a wuraren da tafki ke daskarewa da hunturu, a yi hattara da wasu masu talla da ke yawo a Facebook da kasuwannin intanet. Da zarar sanyi ya kankama sai su ɓullo da zaren fatsa a kwali mai sheƙi, ga hoton ƙaton kifi kwance a kan ƙanƙara, su rubuta cewa fulorokabon (wani nau'in roba da ake yin zaren fatsa da shi) ne zalla, kuma ba ya daskarewa komai tsananin sanyi. Duka maganganun biyu ƙarya ne, ta biyun ma ba sai an saya ake gane ta ba.

Babu zaren da ƙanƙara ba ta kamawa. Ruwa na daskarewa a digiri 0, kuma duk zaren da ka jawo daga ramin da ka huda a ƙanƙara yana fitowa ne a jiƙe, ruwan ya sandare a jikinsa da kuma cikin zobban sandar fatsa da zaren ke bi. Bambancin kawai shi ne yawan ruwan da kowane iri yake kwasowa. Saƙaƙƙen zare, irin na Dyneema ko Spectra, kusan ba ya talewa, ko yaya kifi ya taɓa koto za ka ji a hannunka, amma ruwa na shiga tsakanin silin saƙar, in iska ta buga shi ya ƙage ya ƙi warwaruwa. Shi ya sa ya fi dacewa da mai zama cikin tanti mai ɗumi. Nailan ya fi laushi, yana talewa, yana kuma shan ruwa kaɗan. Fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fito da shi a 1971 da sunan Seaguar, ba ya shan ruwa, yana nutsewa da sauri, kuma kifi bai cika ganinsa ba a garai-garan ruwan ƙarƙashin ƙanƙara. Nasa aibin shi ne tauri: a sanyi yakan riƙe nannaɗewar kwarkwaro, don haka siriri ake amfani da shi. Ya fi nailan tsadar yi nesa ba kusa ba, kuma nan ne 'yan damfara suka ga ƙofa.

Abin da suke aiko maka nailan ne da aka yi wa ɗan shafen fulorokabon a sama, wani lokaci ko shafen babu. Shi shafaffen nailan ba laifi ba ne, akwai kamfanonin kirki da ke yin sa su faɗa ƙarara a kwali. Algus ɗin shi ne a buga 100% da manyan baƙaƙe, a ɓoye maganar shafe a ƙasa inda ido ba ya kaiwa, a karɓi kuɗin na gaske. Bakin rami kuwa kaifi gare shi, 'yan jawowa kaɗan shafen ya goge. Ƙarfin da aka rubuta ma sau da yawa na baka ne, tsawon zaren bai cika ba, wasu kuma tsohon nailan ne da rana ta cinye, yana tsinkewa a wurin ƙulli.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar komai sai gishiri. Nauyin nailan wajen 1.14 ne idan aka kwatanta da ruwa, na fulorokabon wajen 1.78. A narka gishiri kamar giram 360 a lita ɗaya ta ruwa har ya daina narkewa, nauyin ruwan zai kai wajen 1.2. A yanko ɗan guntun zare, a danna shi ƙasa da cokali don kada ya maƙale a saman ruwan, a saki. Fulorokabon na gaske zai kwanta a ƙasa, nailan zai taso, ko an shafe shi ko ba a shafe ba. Wasu na ba da shawarar a kunna masa wuta a gani. Ni ban goyi baya ba, hayaƙin fulorokabon guba ne.

Ƙarfi kuma a gwada da bokiti: a rataye shi da zaren, a riƙa zuba ruwa a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, zare mai lamba fam 4 ya kamata ya ɗauki kusan kilo 1.8. Ƙulli na rage ƙarfi, a yi masa uzurin wannan, amma in ya tsinke tun bai kai rabi ba, magana ta ƙare.

Su kansu masu tallan ba su da wuyar ganewa. Shagon sabo ne fil, yabon da ke ƙarƙashin kayan duk kalma ɗaya ake juyawa, akwai agogo yana ƙirga cewa rangwame ya kusa ƙarewa, kuma sukan nemi ka biya ta wata hanya a wajen kasuwar, inda ba mai karɓo maka kuɗinka. Koke ya yi yawa su rufe, su dawo da wani suna da hotuna iri ɗaya. Wanda ya riga ya saya, ya yi gwajin ranar da kayan suka iso, ya ɗauki bidiyonsa tare da kwalin, ya shigar da koke ga kasuwar ko bankinsa kafin wa'adin mayar da kaya ya cika.