Littafin soyayya da mujallar tsegumi: wanne ya cancanci a ɓoye?

'Yar'uwa, kin ce kina son littattafan soyayya marasa nauyi da mujallun da ke baza sirrin taurari, har kina tura su ƙarƙashin matashi in kin ji sallama, kuma kina tambaya ko duk ɓata lokaci ne. Ni ba na yi musu kuɗin goro. Dukansu suna mantar da mutum agogo, amma ba hanyarsu ɗaya ba.

Littafin soyayya tun daga bangonsa ya gaya miki ƙagaggen labari ne. Kin san za a haɗu, a saɓa, wani ya shiga tsakani, a ƙarshe a daidaita. Masu raina shi nan suke kamawa, wai ƙarshen sananne ne. To ai sanin ƙarshen shi ne abin da ake saye. Wadda ta yini cikin hidima da zullumi ba ta neman abin da zai ƙara ɗaure mata kai, tana son wuri guda da ta tabbata komai zai ƙare lafiya. A kan wannan alkawari kamfanin buga littattafan soyayya na Mills & Boon, da aka kafa a Landan a 1908, ya yi suna, haka ma Harlequin na Kanada, wanda ya fara a 1949 ya kuma saye Mills & Boon a 1971. Rainin ma tsoho ne. A Ingila tun shekarun 1830 ake buga labarai masu arha kashi-kashi duk mako, manya suna kukan za su lalata matasa, alhali da su 'ya'yan talakawa da yawa suka saba da karatu.

Ribar kenan da ba a cika faɗa ba. Wadda ta iya bin labari shafi ɗari biyu, tana riƙe da wa ya ce me, wa ke ƙullin wa, ta riga ta samu juriyar da kowane babban littafi ke nema. Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne: jarumin nan attajiri, mai taurin kai da izza, wanda so ke narkarwa a babin ƙarshe. A takarda yana da daɗi. A zahiri mai wulaƙanci ba kasafai yake sauyawa don an yi masa haƙuri ba, kada ki auna kowa da wannan ma'aunin.

Mujallar tsegumi fa? Hoto ne da 'yan layuka, minti biyar kin gama, ba ta koya miki jimirin komai. Daɗinta shi ne ganin babba ya yi tuntuɓe, kuma mutanen cikinta masu rai ne, da iyaye da 'ya'ya. Ba ki da hanyar rarrabe gaskiya da shaci-faɗi, tunda kullum "wata majiya" ce ta faɗa. Mujallar Confidential ta Amurka, da ta fito a 1952, sai da aka gurfanar da ita a kotu a Kalifoniya a 1957 kan ɓata suna. A Birtaniya an rufe jaridar News of the World a 2011 bayan an gano ana kutsawa cikin saƙonnin wayar mutane don neman labari. Kuɗin mai saye ne ke ɗaukar nauyin irin wannan farauta.

Saboda haka littafinki fito da shi ki ajiye a fili, duk wanda ya tambaya ki ce kina hutawa ne. Mujallar ita ce zan so ki rage. Mai hotunan bukukuwa da kwalliya waɗanda masu abin suka yarda aka ɗauka da sauƙi, ko da yake ita ma rabinta talla ce.