Matashin falo daga ragowar ulu da ƙyalle: me za ki saya a Gombe?

Duk mai saƙa tana da wata leda a bayan sif cike da guntayen ulu: rabin dunƙule ja da ya rage daga hular jariri, ɗan shuɗi, ruwan ƙwai da ba zai isa ko safa ɗaya ba. Ga kuma ƙyallayen atamfa da tela ya haɗo miki da ɗinkin Sallah. Da su ake yin matashin kwalliya, gaba saƙa, baya ɗinki. Fuskar matashin tana ɗakinki, ba ki biya ko sisi ba. Abin da zai kai ki babbar kasuwa shi ne abin da ido ba ya gani, wato ciko, kuma a nan ake tafka asara.

Audugar rimi ce iyayenmu suka sani. Ga laushi, ga rashin nauyi, ba ta saurin shan ruwa. Sai dai ba ta ga maciji da wuta. Gidan da ake ajiye kaskon turaren wuta kusa da kujera, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. In ta kwana biyu kuma tana dagargajewa ta zama gari, ta riƙa fitowa ta ramukan saƙa, mai asma ya sha wahala. Idan ita ranki ke so, tura hannu cikin buhun ki damƙa. Kika ji 'ya'ya da yawa, bar ta, don ba a tsince ba, kuma ɓera na bin su.

Audugar gona fa? Gombe ƙasar auduga ce tun tuni, samunta ba wuya, kuma ba ta da zafi a jiki. Matsalarta dunƙulewa. Wata uku ana jingina, sai ki ga matashin ya koma kamar ƙullin goro, sai an shanya an bubbuge da sanda. Da damina kuma tana riƙe danshi.

Guntayen soso da ake samu wurin masu gyaran kujeru sun fi komai araha, wani ma in kin saba da shi kyauta zai ba ki. Amma saƙa ba ta rufa asiri: kowane tudu da kwari na soson sai ya fito a fuskar matashin. Ga zafi, a garin da Maris da Afrilu ke gasa mutane. In dai soso ne, gara a yanko miki falle guda daidai girman matashin.

Ni dai faiba nake saya, irin wadda ake cusa wa filon zamani. Ta fi sauran tsada, ban musa ba, amma tana wankuwa, ta bushe a wuni ɗaya, ta tashi kamar sabuwa. Gwajinta mai sauƙi ne: matse ta a tafin hannu ki saki. Mai kyau za ta kumburo nan take, marar kyau ta kwanta. Kada ki yarda a auna miki ba ki taɓa ba.

Akwai masu cusa guntayen ƙyalle don kada su kashe komai. Wannan ya dace da tumtum na zaman ƙasa, inda ake son nauyi da tauri. A kan kujera kuwa dutse ne.

Kowanne kika zaɓa, sayi farin yadi marar tsada ki ɗinka jakar ciki. Yadi ɗaya inci 36 ne, rabinsa ya ishi matashi mai inci 16 idan faɗin yadin ya kai. Ba jakar nan, ranar wanki sai kin zazzage komai.

Sai ulu. Abin lura kauri, ba launi ba. Siriri da mai kauri in sun haɗu a fuska ɗaya, gefe guda zai ja, ɗayan ya saki. Da guntaye, kwarashi, mai ƙugiya a baki, ya fi kibiyar saƙa daɗin aiki, domin za ki saƙa ƙananan murabba'ai, kowanne da launinsa, ki haɗa daga baya. Sabon dunƙule ɗaya kawai za ki saya, na haɗi, mai launi guda. Ki guji fari. Ƙurar hunturu ba ta barin fari ya kai mako. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, akrilik, don haka dutsen guga mai zafi zai kwantar da shi ya yi ƙyalli, ba kuma ya dawowa.

Bayan matashi atamfa ta fi. Shadda na da santsi, matashin zai yi ta zamewa daga kujera, leshi kuwa ba ya jure jingina. Tsohon wandon jins ma ya yi, in kekenki na iya cinsa. Wanke ƙyallen tukuna, saboda auduga na tsukewa a wankin farko. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai: in ya ɗauki launi, atamfar na zuba, za ta ɓata miki saƙar da kika yi kwana da kwanaki a kanta.

Maganar rufi, zif yana da kyau, amma haƙoransa na cizon ulu, kuma na arha ba ya daɗewa. Maɓalli hatsari ne a gidan da ke da mai rarrafe. Na fi son a raba bayan matashin gida biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar inci 4, ba abin da za a saya. Ki kuma rage rigar da inci ɗaya a kan jakar ciki, don saƙa na miƙewa: jaka 18, riga 17.