Hattara da 'yan inshorar bogi a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman sabbin zuwa da masu tuƙin tasi, don Allah a kula. Akwai wasu 'yan damfara da ke yawo a guruf ɗin WhatsApp da Facebook suna tallan inshorar mota da ta lafiya a rabin kuɗi, wai su ejan ne, in ka nemi ganin lasisi sai su ce ai nasu na gwamnatin tarayya ne, yana aiki ko'ina. To daga nan ma ka kama maƙaryaci. Tun dokar McCarran-Ferguson ta 1945 harkar inshora a hannun jihohi take, kowace jiha da hukumarta, a New York DFS ce, a Texas kuma TDI, kuma wanda yake da lasisin wata jiha ba shi da ikon sayar maka sai jiharka ma ta ba shi nata.

Yadda suke yi da ta mota shi ne abin takaicin. Za ka tura kuɗin wata shida ta Zelle ko Cash App zuwa asusun mutum ɗaya, shi kuma ya je ya buɗe maka inshora ta gaske da adireshin ƙarya, ya biya wata ɗaya kacal, ya turo maka kati mai tambarin kamfani tsaf, kana ta godiya har da sa masa albarka, bayan kwana biyu ya soke ya karɓe kuɗinsa. Kai kana nan kana yawo da takardar banza a mota ba ka sani ba sai ranar da aka yi hatsari ko ɗan sanda ya tsayar da kai. A New York ma kamfani da kansa yake sanar da DMV, wato hukumar rajistar motoci, ta kwamfuta cewa inshorarka ta mutu, sai su dakatar da rajistar motar. Wasu ko wannan wahalar ba sa yi, katin kawai suke ƙirƙira.

Ta lafiya kuwa tsohuwar damfara ce. Hukumar bincike ta majalisa, GAO, ta gano kamfanoni 144 marasa izini tsakanin 2000 da 2002, sun yaudari mutum sama da 200,000, suka bar su da bashin asibiti na aƙalla dala miliyan 252.

Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, kowace jiha tana da asusun da ke biyan masu inshora idan kamfani ya karye, amma fa sai kamfanin da jihar ta ba lasisi. Na bogi in ya gudu, wallahi ko sisi asusun nan ba zai ba ka ba.

Saboda haka kafin ka tura ko dala ɗaya, ka ce ya ba ka cikakken sunansa da lambar lasisinsa ko lambar NPN, wato lambar shaidar ejan ta ƙasa baki ɗaya, ka shiga shafin hukumar inshorar jiharka ka duba shi, ka duba kamfanin ma, kyauta ne. Sannan ka kira kamfanin da lambar da ke shafinsu na intanet, ba wadda shi ya ba ka ba, ka karanta musu lambar inshorar su tabbatar tana aiki. Wanda ya fara ce maka "haba, ba ka yarda da ni ba ne, ni fa ɗan uwanka ne," ka riƙe kuɗinka. In kuma an riga an cuce ka, ka adana rasit da hirarku ka kai ƙara hukumar jihar.