Wane mutum-mutumi ya dace da ɗakin yara a asibiti?

Yaro bai jiran allura ta taɓa shi. Da ya shaƙi warin sifirit a auduga, ya ga nas ta ɓare sirinji, sai ya cusa kai cikin zanen uwarsa ya ƙanƙame. Wannan ɗan lokacin ne asibitocin Turai da Amurka da Japan ke sayen mutum-mutumi dominsa. Kafin shugaban asibiti ya zuba daloli, ya fara tantance irin tsoron da yake son ragewa: na allurar minti biyu, ko kewar yaron da ya yi sati uku a kan gado.

In allura ce, NAO ne ya fi suna. Ƙirar kamfanin Aldebaran ne na Faransa, tsayinsa santimita 58, yana magana, yana rawa. A asibitin yara na Alberta da ke Kalgari a Kanada aka saka masa manhaja aka raɗa masa MEDi, kuma binciken da Tanya Beran ta jagoranta, wanda ya fito a 2013, ya nuna yaran da ya ɗebe wa kewa lokacin rigakafin mura sun fi sauran samun sauƙin zafi da firgita. Dabarar mai sauƙi ce: yakan roƙi yaro ya hure ƙurar da ke jikin wani ɗan agwagwan roba, yaro na hurawa jiki na saki, nas ta gama aikinta. Sai dai kashi! Batirinsa bai wuce awa ɗaya da ɗoriya, yana son mai kula da shi da ya iya kwamfuta, kuma ba ya jin Hausa. Sai dai a naɗi muryar wani a ɗora masa. Ga shi Aldebaran ɗin ya durƙushe a 2025, wani kamfanin China ya saye kadarorinsa, don haka a tambayi dillali inda za a samu kayan gyara tun kafin ciniki.

PARO shi ba ruwansa da harshe, domin ba ya magana. Takanori Shibata na Japan ya ƙera shi da siffar jaririn wata dabbar tekun ƙanƙara, fari sol, mai laushin gashi. Ka shafa shi ya lumshe ido ya yi ɗan kuka. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan asibiti a 2009. Kuɗinsa wajen dala 6,000, kuma an fi gwada shi a kan tsofaffi masu ciwon mantuwa. Abin da ke damuna da shi gashin nan: yaro goma su rungume shi a wuni, wa zai tsaftace shi tsakanin gado da gado?

Wanda ya fi burge ni agwagwan kamfanin inshora na Aflac ne, da kamfanin Sproutel ya ƙera a 2018. Yaro na manna masa ɗan faifai mai hoton fushi ko tsoro, agwagwa ya nuna halin, sai likita ya gane abin da bakin yaro ya kasa faɗa. Ana cire rigarsa a wanke. Kyauta ake bai wa yara masu ciwon daji a Amurka, aka ƙara da masu sikila a 2022. Mu da sikila ta yi mana katutu a Najeriya, sai kallo daga nesa.

Mutum-mutumin nan mai suna Pepper kam, an daina ƙera shi, a wuce shi.

Tambayar da za ka fara yi wa dillali ita ce: in intanet ta ɗauke, na'urar tana aiki? Iyayen da suka sayi Moxie, wani mutum-mutumin hira da yara, a kan dala 799 sun ga ta kansu a ƙarshen 2024, lokacin da kamfanin Embodied ya rufe, domin ƙwaƙwalwar na'urar a kwamfutocin kamfanin take. A sa dillali ya kashe intanet a gabanka, ya cire caja, ka zauna da agogo ka ga minti nawa za ta kai.